Mai Amsa Na Huɗu

Kawuna mahaƙin rijiya ne. Shekara arba'in da ɗoriya ya yi yana shiga ƙasa da hantsi, ya fito bayan la'asar, jar ƙasa har cikin kunnuwansa. 'Yan unguwa suna ce masa Gafiya. Da farko a bayan idonsa suke faɗa, daga baya har a gabansa, don sun ga abin ko a jikinsa. Yakan ce shi bai ga abin zagi ba, tunda ba a taɓa jin mai gida ya kori gafiya daga haya ba.

Gajere ne mai faɗin kafaɗa, yatsunsa ba sa miƙewa sosai saboda riƙon ƙota. Kayan aikinsa a bayan ƙofar ɗakinsa suke kwana: diga da ya yanke wa ƙota ta zama guntuwa, don doguwa ba ta juyuwa a cikin rami, da dagi, da bokitin ƙarfe da ya sha duka har ya lotsa, da igiyar da ba ya yarda a shanya wanki a kanta, da fitilar ƙwai. Kowace safiya fitilar yake fara zurawa cikin ramin kafin ya sa ƙafa. Idan ta mutu a ƙasa, to iskar ciki ba ta shaƙuwa, ba mai shiga ranar, ko da mai rijiyar zai yi ta tsalle yana kumfar baki.

Shi ya riƙe ni bayan rasuwar mahaifina, da yake mahaifiyata ƙanwarsa ce. Shi da matarsa, wadda muke kira Iya, Allah bai ba su haihuwa ba, sai suka juye komai a kaina. Tun ina firamare ya laƙaba mini Mai biro, don kullum aljihun rigata da tabon tawada. Sau ɗaya na ce zan bi shi wurin aiki, ya ce mutum ɗaya a ƙarƙashin ƙasa ya ishi gida ɗaya, in je in yi karatuna.

Rijiya ɗari biyu da goma sha bakwai ya haƙa, kuma kowace yana riƙe da ita a ka. In muna tafe a gari sai ya riƙa nuni da haɓa: waccan gaba goma sha huɗu ce, waccan dutse ya tare mu sati biyu, waccan ruwanta da ɗan zartsi, na gaya wa mutumin ya matsa gaba ya ƙi. A bakin kowace rijiya akwai suna da aka zana da ƙusa tun simintin yana ɗanye, sunan wanda ya sa aka haƙa, wani lokaci har da na mahaifiyarsa da ta rasu don ladan ya je mata. Babu ɗaya da ke ɗauke da sunan wanda ya shiga ramin. Kawu bai yi karatun boko ba, amma ya san siffar sunansa daga katin asibiti. Na sha ganinsa ya ɗan tsaya a bakin rijiyar da ya gama yana kallon rubutun, sannan ya saɓa digarsa ya wuce.

Akwai wata ɗabi'a tasa da ke ba ni dariya ina yaro. Ba ya faɗin komai game da aiki sai ya jingina shi ga mai shi. "Yumɓu mai sheƙi, ruwa ya kusa, in ji maigidana." "Ba a ɗaura igiyar sauka a jikin gwanda, in ji wani tsoho da muka yi aiki da shi a bayan tasha." Iya takan tsokane shi ta ce ko gishiri ne ya ji ya yi yawa a miya, sai ya faɗi wanda ya gaya masa. Shi kuwa cewa yake haka mahaƙa suka gada. Ba ka da abin da za ka saka wa wanda ya koya maka da shi sai ambatonsa, kuma duk mahaƙin da ka ji yana faɗin na wani kamar nasa, kada ka kuskura ka ba shi riƙon igiyarka.

Abu ɗaya tak na taɓa jin ya ce, "Wannan nawa ne."

Yana da shekara ashirin da biyu, suna ƙasan wata rijiya shi da maigidansa, wanda ya koya masa sana'ar. Kawu ya ga bangon ramin yana naso, bai ce komai ba. Can ya ji ƙasa tana zubo masa kaɗan-kaɗan a ƙeya, ya share. Sai zubar ta tsaya. Maigidan ya ce ya hau ya karɓo wani dagi, na hannunsu ya dakushe. Kansa na fitowa waje bangon ya rufta. Kwana biyu suka yi kafin su kai ga gawar.

Bayan haka sau huɗu ya sake ganin bango ya yi irin wannan, kuma duk sau huɗun ya fitar da mutanensa da rai. Na ƙarshen a harabar wata makaranta ne, mutum uku a ƙasa. Da zubar ta tsaya, su ukun suka ce ai ta lafa, a ci gaba. Kawu ya ce duk wanda bai kama igiya ba yanzu shi da kansa zai sauko ya fasa masa kai da ƙota. Suka fito suna gunaguni, shugaban makarantar yana ta faɗa wai ana ɓata masa lokaci. Ba su gama wanke hannu ba suka ji ƙarar. Ga yadda Kawu yake faɗin abin, kalma ɗaya ba ya canzawa:

"Bango ba ya ruftawa kai tsaye. Sai ya fara gumi. Sannan ya yi maka yayyafin ƙasa a ƙeya. Sannan ya yi shiru. Mutane yayyafin suke tsoro, amma shirun shi ne na fita."

Da na je digiri na biyu a sashen nazarin ƙasa da ruwa, na zaɓi yin bincike a kan haɗurran haƙar rijiya da hannu. Ba wani kishin ilimi ba ne, in faɗi gaskiya, na ga dai ina da laburare a gida yana shan shayi kowace safiya. Mahaƙa goma sha biyu na yi hira da su. Goma sha ɗaya suka sallame ni da "Allah ne ke tsarewa" da "haka muka tarar". Kawu kuwa yammaci uku ya ba ni a kan bencin ƙofar ɗakinsa, wayata a kan gwiwarsa tana naɗa. Sai da ya sa wankakkiyar riga, duk da na gaya masa murya kawai take ɗauka.

Da muka gama ya ce, "Mai biro, littafin nan, sunana zai shiga?"

"Zai shiga, Kawu."

"Da na mahaifina?"

"Da shi."

"To ka sa na maigidana a duk inda na ce in ji shi. Amma wurin bangon nan, nawa kaɗai za ka sa."

Na ce an gama. Na faɗa da bakin wanda bai taɓa shiga ofishin mai duba aikinsa da babi na huɗu a hannu ba.

Farfesan da ke duba aikina ya shahara a kan abu ɗaya, koyar da yadda ake kawo maganar wani a cikin rubutun ilimi. Kuma wallahi ya iya, ba zan ci haƙƙinsa ba. Ofishinsa ƙarami ne, fanka tana kuka a sama, kundayen ɗalibai a jibge har sun tare rabin taga. Yakan ce kada ka yar da maganar mutum a tsakiyar shafi ka gudu. Ka fara gaya mana wanda zai yi magana, ka bar shi ya yi, sannan ka gaya mana abin da ya sa ka kira shi. Idan ɗalibi ya kwafo jimla ɗaya bai sa ta tsakanin alamomin buɗe zance da rufewa ba, ko ya manta shekara da lambar shafi, Farfesa zai cire tabarau ya kira shi ɓarawo a gaban aji. Da idona na ga wata ɗaliba ta fita tana kuka a kan layi biyu.

Na kai masa babin. Ya karanta maganar Kawu sau biyu, har ya ɗan gyaɗa kai. Sannan ya ɗauki jan biro ya ja layi a kan sunan, ya rubuta a samansa: Mai amsa na huɗu.

Na ce, "Ranka ya daɗe, kawuna ne. Shi da kansa ya roƙa a sa."

"Ƙa'idar bincike ta ce a ɓoye sunan duk wanda aka yi hira da shi, don a kare shi."

"A kare shi daga me, ranka ya daɗe?"

Ya dube ni ta saman tabarau. "Daga duk abin da ka iya tasowa. Ka ga waɗannan?" Ya nuna sunayen marubutan da na jera cikin baka biyu. "Su ne madogara. Kowa da littafinsa, da shekararsa, da shafinsa, wanda ya yi shakka ya je ya duba. Kawunka yana da shafi?"

Na ce ba shi da shi.

"To shi bayanai ne da ka tattaro. Bayanai kuwa lamba ake ba su."

Na tattara takarduna na yi godiya. Godiya fa na yi. Sai bayan shekara biyar na gano cewa a ofishin kwamitin ɗa'ar bincike, hawa ɗaya a ƙasan na Farfesa, akwai wata takarda mai shafi ɗaya da wanda aka yi hira da shi zai dangwala yatsa a kai idan yana so a ambaci sunansa. Farfesa bai gaya mini ba, ni kuma ban tambaya ba.

Ranar da na kawo kundin gida, da baƙin bangonsa da rubutun ruwan gwal, sai da Kawu ya wanke hannu da sabulu sau biyu kafin ya karɓa. Ya ɗora a cinya ya fara buɗawa shafi-shafi, yana bin layi da yatsa, yana neman siffar da ya sani. Shafi ɗari da tamanin ne. Na bar shi ya kai wajen na talatin kafin na ji ba zan iya ci gaba da kallo ba, na karɓa na buɗe masa wurin, na karanta masa maganarsa.

"Haka na ce," in ji shi. "Ba ka canza ba. Ina sunan?"

Na yi masa bayanin ƙa'ida ina ta kame-kame, sannan na karanta masa abin da aka sa a madadin sunan.

"Na huɗu?" in ji shi. "Su wane ne ukun da suka fi ni?"

"Ba fifiko ba ne, Kawu. Yadda na bi ku da hira ne."

"To me ya hana ka fara da ni? Gida ɗaya muke kwana."

Iya, da ke tsince shinkafa a gefe, ta fashe da dariya ta ce daga yau ta samu sunan da za ta riƙa kiransa cin abinci. Shi bai yi dariya ba. Ya sa yatsa a kan wani suna a cikin baka ya ce wannan fa waye. Na ce wani masani ne a wata ƙasa, ya rubuta littafi a kan zaizayar ƙasa. Ya tambaya ko mutumin ya taɓa shiga rijiya. Na ce ban sani ba. Ya rufe kundin a hankali, ya shafa bangon, ya miƙo mini.

"Ba komai. Tunda kai ka san ni ne. Ranar da aka tambaya, sai ka faɗa."

Na ce zan faɗa. Wannan shi ne alkawari na biyu, kuma ya fi na farkon sauƙin cikawa, don ba ya buƙatar sa hannun kowa.

Bayan shekara biyu Farfesa ya kira ni ya ce mu fitar da maƙala daga kundin, sunansa a gaba, nawa a baya, kamar yadda aka saba. Na ji daɗi har na kasa cin abinci. Da ya dawo mini da ita bayan gyara, sai na ga maganar Kawu ta fita daga tsakanin alamomin zance. Farfesa ya ce yawan kwaso kalaman mutane yana nuna marubuci bai narkar da abin da ya ji ba, ita mujalla muryar masani take so. Gumi ya koma "bayyanar danshi a bango", yayyafi ya koma "zubar ɓurɓushi", shiru ya koma "lafawar yaudara kafin rufta". Aka yi musu zane mai kibiya uku. Mai amsa na huɗu ma, da 'yar lambar tasa, babu shi a ciki.

Maƙalar ta karɓu. Wani ya ambace ta, wani ya ambaci wanda ya ambace ta, kafin a jima an fara cewa Matakai Uku na Farfesa. Sunana ma ya faɗi a hanya, ban kuwa koma nemansa ba. Da maƙalar na samu aikin koyarwa a sashen. A kundin digirina na uku na gwada dawo da maganar yadda take a wayata, sai mai jarrabawa da ya zo daga wata jami'a ya ce abin da aka riga aka wallafa shi ake dogara da shi, ba hirar baki ba. Na zauna da hannuna na rubuta abin da kawuna ya koya ranar da ƙasa ta binne maigidansa, na buɗe baka, na sa sunan Farfesa da shekara da shafi. Ko waƙafi ɗaya ban yi kuskurensa ba.

Daga nan aka ba ni darasin da Farfesa ya gaji da shi, ni nake koya wa sababbin ɗalibai yadda ake ba mai magana maganarsa. Ni ma na sayi tabarau, na kuma iya cire shi a daidai wurin da ya kamata. Sau da yawa ɗalibi yakan kawo mini aiki da matakai ukun a ciki, ya jingina su ga Farfesa tsaf yadda na koya masa, ni kuma in ba shi maki mai kyau.

Kawu bai san duk wannan ba. Ya tsufa, gwiwa ta fara yi masa gardama, ya daina shiga rami. Sai dai ya zauna a baki ya zura fitila, ya duba ƙasar da ake fitarwa, ya murza ta a yatsa, ya ce a ci gaba ko a tsaya. Da haka shi da Iya suke ci. Na sha cewa ya huta ni zan ɗauki gidan, ya ce ranar da ya daina shaƙar ƙanshin ɗanyar ƙasa a kira masu wankan gawa.

Ana nan rijiya ta rufta da mutum biyu a wata unguwa. Hukumar ruwa ta ce ba mai sake haƙa ko kula da haƙa sai da takardar shaidar bita ta kwana uku. Sashenmu ya tsara abin da za a koyar, jami'an hukumar suka koyar, aka ce ranar rufewa Farfesa zai zo ya raba takardu, ni kuma in raka shi. Kawu ya je kamar kowa, ya zauna a layin gaba don kunnensa ya fara nauyi.

Iya ce ta ba ni labarin ranar farko a waya, kamar yadda matar wani mahaƙi ta ba ta. Jami'in da ke koyarwa ya haska zanen nan mai kibiya uku a allo, ya warware musu shi da bakin da za su gane: bango yakan yi danshi, ya yi zuba, ya lafa. Kawu ya ɗaga hannu ya ce wannan maganarsa ce. Jami'in ya ce ai dama kowa ya san wani abu a ciki. Kawu ya ce a'a, shi ba sani ya ce ba, tasa ce, shi ya haɗa ta. Jami'in ya ɗaga mujallar ya nuna masa sunan Farfesa. Ɗakin ya ɗauki dariya, wani daga baya ya ce ashe a rami Gafiya ya yi digirinsa. A cikin masu dariyar har da ɗan ɗaya daga mutum ukun nan na harabar makaranta. Kawu ya ce su jira jibi, ɗan ƙanwarsa zai zo, shi ya ɗauki maganar a waya, sai su tambaye shi.

Washegari da azahar sai ga shi a ofishina. Bai taɓa zuwa ba a shekara tara da na yi a wurin. Ya ƙi zama a kujera, ya ce wandonsa da ƙura. Ya kalli kantar littattafai, ya kalli ɗan allon sunana da ke kan tebur, ya daɗe a kansa.

"Gobe za ka zo?"

"Zan zo, Kawu."

"Za su tambaye ka."

"Na sani."

"To shi ke nan. Ba wani abu nake nema ba, Mai biro. Littafin Farfesa ya riƙe abinsa. So nake mutanen nan su daina yi mini kallon maƙaryaci. Shekara hamsin ban taɓa faɗin na wani a matsayin nawa ba."

Na raka shi har bakin titi. Abin da ban gaya masa ba shi ne takardun ƙarin girmana suna kan teburin Farfesa tun farkon watan, shi ne shugaban kwamitin, kuma maƙalar nan ita ce ta farko a jerin da na miƙa. Idan na ce matakai ukun na mutum ɗaya ne da aka share, to na kira Farfesa ɓarawo ke nan a gaban jama'a, ni kuma mai riƙe masa jaka. Tsoro na ji. Na yi ta neman wani suna mai mutunci da zan ba abin, ban samu ba.

Ɗakin taron da kujerun roba, da robobin ruwa a jere a kan babban tebur, da lasifika mai tsuwa. Mahaƙa sun kusa sittin, kowa ya sa rigarsa mai kyau, hannaye a kan gwiwa. Farfesa ya yi jawabi mai daɗi a kan darajar rai. Da aka ce ko akwai mai tambaya, Kawu ya dafa gwiwa ya miƙe.

"Ranka ya daɗe, ni ba tambaya ba ce. Maganar bangon nan da aka koya mana, ni na faɗe ta. Ga wanda na faɗa wa nan kusa da kai."

Farfesa ya yi murmushi irin na manya. Ya ce ilimi irin wannan na al'umma ne gaba ɗaya, aikin masani shi ne ya tattaro, ya tace, ya tsara, kuma yana jinjina wa duk dattawan da suka taimaka. Aka yi tafi. Sannan ya turo mini makirufo ya ce, "Dakta ne ya zagaya ya yi hirar, zai fi ni bayani."

Kawu yana tsaye yana kallona, fuskarsa a sake, har da ɗan murmushin wanda mai ba shi shaida ya iso.

Na ce, "Binciken ya ƙunshi mahaƙa goma sha biyu. Ƙa'ida ta hana mu bayyana wanda ya faɗi kaza a cikinsu, don a kare su."

"Ni na yafe kariyar," in ji Kawu. "Faɗi kawai."

Wani ya fara dariya a baya, aka kwaɓe shi. Ina jin Farfesa yana jujjuya robar ruwansa a kan tebur.

Na ce, "Ka yi haƙuri, Baba. Ba ni da ikon in ce kai ne, ko ba kai ba ne."

Baba na ce masa, kamar yadda ake ce wa kowane tsoho da aka haɗu da shi a motar haya. Ya ci gaba da tsayuwa kaɗan yana jiran sauran maganar. Da ya ga babu, ya laluba kujerarsa ya zauna. Wannan karon ba wanda ya yi dariya, kuma da sun yi da ya fi mini sauƙi. Na kusa da shi ya ɗan dafa masa kafaɗa, irin dafawar da ake yi wa wanda tsufa ya fara ruɗawa.

Aka shiga kiran suna ɗaya bayan ɗaya. Da aka zo kan Kawu ya taso ya karɓi takardarsa da hannu biyu, Farfesa ya riƙe masa hannu har mai hoto ya gama. A mota muna komawa Farfesa ya ce na yi magana kamar cikakken masani. Ƙarin girman ya fito kafin ƙarshen wata.

Sati biyar na yi ban taka gidan ba, sai da Iya ta buga mini waya ta ce kawuna yana nemana, ta kashe ban amsa ba. Na same shi a kan benci da yamma, takardar a cikin leda a kan cinyarsa. Iya ta amsa gaisuwata a taƙaice ta shige ɗaki. Ya matsa mini wuri. Na fara jero abin da na haddace a hanya, maganar aiki da kwamiti da yadda abubuwa suke a can, ya ɗaga hannu.

"Ba wannan na kira ka ba. Sunana na gani a jiki, sauran ne ban sani ba, kuma ban so wani na waje ya karanta mini. Karanta."

Na zaro ta. Takarda ce mai kauri da jan hatimi, sunansa da na mahaifinsa a tsakiya da manyan baƙaƙe, ba kuskure ko ɗaya. Na karanta masa cewa wannan shaida ce mai wannan suna ya halarci bita ta kwana uku, an koyar da shi Matakai Uku na Farfesa na gane bangon da zai rufta, kuma ya nuna ya fahimta.

Ya ce in maimaita daga inda aka ce an koyar da shi. Na maimaita.

"Wato na koya."

"Haka aka rubuta, Kawu."

"Kuma na gane."

"Eh."

Ya karɓa ya mai da ita cikin ledar yana lallaɓawa don kada ta lanƙwashe, ya ninke bakin.

"To madalla. In ka koma ka gaida Farfesa. Ka ce ɗalibinsa ya gode."

Ya kira Iya ta zo ta kama hannunsa suka shiga ciki. Na zauna a bencin, ba wanda ya ce in shigo, ba wanda ya ce in tafi.